Baba Kaset da Keken Inna Tela

Kafin mai aski ya gama share gaban shagonsa, Baba Kaset ya riga ya ɗaga ƙofar nasa. Ba ya farawa da kunna komai. Tsumma yake ɗaukowa ya goge lasifikokin nan biyu da suka girmi 'yarsa Auta, ya hure tsakanin maɓallan na'urar haɗa sauti, ya ajiye kofin shayinsa nesa da kwamfuta, don an taɓa yin ɓari kuma har yau matarsa ba ta daina yi masa gori ba. Daga nan sai ya ja kujera bakin ƙofa ya zauna yana kallon ƙafafun masu wucewa. Baƙo a layin kan ɗauka mai gyaran takalma ne, har an sha miƙo masa silifas.

Sana'arsa ita ce abin da samari ke kira rimis. Shi kuwa cewa yake yi sake wa waƙa ɗinki. Ka kawo masa waƙar da ta cika gari, irin mai sanyin nan da in aka sa a motar haya kowa sai ya yi tagumi, sai ya farke ta: murya gefe, jita gefe, ganga gefe. Ya zubar da gangar asali, ya shimfiɗa wata mai nauyi wadda a ƙirji ake jin ta kafin ta iso kunne. Ya ɗan ƙara wa waƙar sauri ba tare da muryar ta koma ta ɓera ba. Ya tsinko layi guda ya yi ta maimaita shi har ya zauna a bakin kowa. Can sai ya janye komai, ya bar muryar ita kaɗai tana lilo, mutane su tsaya cak da ƙafa a sama, sannan ya sako gangar gaba ɗaya. Ko kalma ɗaya bai canza ba, amma wadda ta shigo shagon tana kuka sai ta fita tana tsiwa.

Sunan ya samo shi ne tun zamanin da ake yin wannan aiki da reza da salatif, ana yanka zaren kaset ana liƙawa. Zamanin ya wuce, sunan ya ƙi wucewa. A bana yake miƙa wa Auta makulli ya koma gida ya huta, shi ya sa ya kamata a faɗi abin da mutanen layin suka gani da idonsu, tunda shi ko an matse bakinsa ba zai faɗa ba.

Doka ɗaya gare shi, kuma ita ce ta bambanta shi da sauran masu sana'ar. Ba ya karɓar aiki sai ya tambayi wa zai taka. In ka ce ai kowa da kowa, sai ya ce babu mutum mai suna kowa da kowa, ka faɗa masa wanda ya fi nauyin ƙafa a wurin. Da wannan ƙafar yake auna kiɗa. Mutane na cewa in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Shi a wurinsa ƙafa ce ke gaba, kiɗa na biye da ita, don mai sauri yana iya ninka taku ya ƙara yanga, amma mai nauyi in aka tsere masa sai ya nemi kujera.

Mai aski shaida ne. A walimar gama karatun 'yar mai askin akwai kakar yarinyar, mai ciwon gwiwa, wadda ta sa a ajiye mata kujera kusa da ƙofa don ta gudu in hayaniya ta yi yawa. Baba Kaset ya kai mata ziyara tun kafin ranar, wai gaisuwa, alhali tafiyarta daga ɗaki zuwa tsakar gida ya je gani. Ranar walima da ƙyar aka raba tsohuwa da fili, jikokinta na roƙo tana cewa a sake sawa. Matan da ke motsa jiki da safe a filin makaranta su ma suna da nasu labarin, haka masu wanki da guga na bayan layi, waɗanda ya yi wa kiɗa daidai da kai da komon dutsen guga har suka daina faɗa a kan rediyo.

Kai ne mai auna kiɗa da ƙafar na baya, Baba. Wasu na yin kiɗa don gwanaye su burge, kai kana yi don kada kowa ya zauna.

To, amma zo mu zauna, zo mu saɓa. Tsakanin shagonsa da na Inna Tela babu komai sai katako mai kaurin yatsa. Inna tela ce ta gaske, mai keken ɗinki irin na ƙafa, baƙi, mai nauyi, wanda ta rantse ba za ta musanya shi da na lantarki ba ko kyauta aka ba ta. Shekara da shekaru suna abu ɗaya. Da ya kunna makirufo zai ɗauki murya, sai keke ya tashi, taka-taka-taka, ya shige cikin aikin. Sai ya buga katako. Ita kuma ta ƙara wuta. In ya saki gangarsa mai nauyi, sai fil-fil ɗinta su yi ta tsalle a faranti suna zubewa ƙasa, ta leƙo ta ce da Mai Hayaniya ya zo ya tsince su da kansa. Shi yana kiran ta Maƙwabciya, amma da irin muryar da ake kiran mai laifi. Duk da haka, ita ke ɗinka wa Auta kayan makaranta tun tana ƙarama, kuma a wurinsa take barin makullinta in za ta yi nisa.

Wata safiya keke bai tashi ba. Inna ta faɗi a gida, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Allah ya taimaka, baki ya dawo da wuri, kamar yadda kowa ya yi tsammani, hannu ma ya fara dawowa. Ƙafar ce ta noƙe.

Baba Kaset ya samu shirun da ya yi shekaru yana roƙo, sai ga shi ya kasa aiki. Ya zauna gaban kwamfuta, ya sa ganga, ya cire, ya ƙara sauri, ya rage, duk abin ba ya zama. Auta ce ta gano masa. Ta saurari tsofaffin ayyukansa ta ce, Baba, ai duk kiɗanka na safe a kan tafiyar keken Inna yake. Ya ce ta daina shirme. Ya sa abin kunne ya saurara da kansa, ya cire. Ranar bai sha shayinsa ba har ya huce.

Ga abin da ke ƙasa. Babban ɗan Inna yana aiki a wani gari mai nisa, gidansa a saman bene. Yaron kirki ne, tsoro ne ya kama shi. Ya ce ƙarshen wata zai zo da mota ya ɗauke mahaifiyarsa, a rufe shago, keken a ba wa mai so. Inna ta ce in aka kai ta benen nan ta zama kujerar falo, sai dai a riƙa goge ta. Aka yi ta ja, har ma'aikaciyar gashin ƙashi da ke zuwa gida duba ta ta raba gardama: in Inna ta iya takowa da sanda daga ƙofar gida zuwa shagonta ba tare da an riƙe ta ba, to zamanta a nan ya fi mata amfani. Ɗan ya yarda. Matsalar ita ce Inna ta ƙi tashi. In an ce ɗaya, biyu, ɗaga ƙafa, sai ta ce ita ba 'yar firamare ba ce. Ta juya wa kowa baya, ta kunna waƙa guda a wayarta, daga safe har yamma. Waƙar wata mawaƙiya ce mai siririyar murya, fiyano kaɗai ke raka ta, amshinta kuwa, "Ka tafi, ban hana ka ba." Ko lafiyayye ya ji ta sau uku sai ya nemi bargo.

Baba Kaset ya je dubiya, ya ji waƙar, ya ce a ransa abin nema ya samu. Ya koma shago ya yi mata aiki irin na nuna gwaninta. Ganga mai girgiza gilashi, tafi, ƙararrawa, sauri kamar ana kora. Ya share duk wani gibi da ke cikin muryar don ta hau kan bugu daidai, abin da hannunsa ya saba yi ba tare da ya tambayi kansa ba. Ya ɗauki ƙaramar lasifika ya tafi yana murmushi.

Ko rabi ba ta bari ta kai ba. Ta ɗaga hannunta mai lafiya, ya kashe.

"Ka yanke mata numfashi," in ji Inna. "Yarinya na cikin baƙin ciki, ko numfashi ba za ka bar ta ta ja ba? Kwashe hayaniyarka, Malam."

Gaskiya ta faɗa. A waƙar asali, kafin amshin nan, mawaƙiyar kan ja wani dogon numfashi da ake ji sarai. Duk mai wannan sana'a datse irinsa yake yi, kamar yadda tela ke datse zaren da ya yi saura. Ashe Inna tare suke jan numfashin nan da yarinyar, shi ne abin da take jira a duk waƙar. Kunya ta rufe Baba Kaset, kuma ba ta numfashin kaɗai ba. A hanya ya tuna bai tambayi kansa wa zai taka ba. Mutumin da ya san tafiyar kowa a layin ya shiga ɗakin nan sau biyu bai kalli ƙafar Inna ba ko sau ɗaya, don zuciyarsa ba ta iya ɗauka. Ya auna kiɗan da ƙafar da ya sani a da.

Washegari ya koma, ba lasifika, ba komai. Ya roƙi ma'aikaciyar gashin ta bar shi ya zauna a gefe. Wannan karon ya kalla. Ya ga yadda ƙafar ke jan ƙasa, yadda take jinkiri kafin ta yarda ta ɗagu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Amma ya ga wani abu kuma: duk lokacin da Inna ta zauna tana yi masa faɗa, ƙafar nan da aka ce ta noƙe tana ɗan motsi, dunduniya, yatsu, dunduniya, yatsu, kamar mai taka keke. Ya nuna wa ma'aikaciyar. Ta ce ta lura, abin da ƙafar ke bukata shi ne wani abu tsayayye da zai riƙa gaya mata lokacin tashi da lokacin sauka, kuma tunda Inna ta ƙi lissafi, in yana da dabara bismilla. Ta tafa masa saurin da ya kamata a hannunta, ya riƙe shi a ka.

A ƙarƙashin teburinsa akwai kwali cike da ayyukan da keken Inna ya ɓata masa. Bai taɓa zubar da su ba, wai yana ajiye hujja. Ya zazzage su, ya nemo wanda keken ya fi fitowa, ya yanko juyi guda, taka-taka, ya rage masa sauri har ya yi daidai da tafin ma'aikaciyar. Wannan ya zama gangar. Ya bar fiyanon yadda yake. Ya mayar da numfashin mawaƙiyar, har ya ƙara masa tsawo, ya janye komai daga ƙarƙashinsa ya bar shi fili. A nan ƙafa za ta tashi. Inda za ta sauka kuwa, nan ya ajiye bugu mai nauyi guda, mai taushi, sannan keke ya ci gaba.

Da ya kunna mata, Inna ta kasa kunne har ya fara neman hanyar ƙofa da ido. Sai ta ce wannan ai kekenta ne, lokacin ma bel ɗinsa ya saki, tana jin yadda yake ɗingishi. Ta ce ashe ɓarawo take maƙwabtaka da shi shekara da shekaru, yana satar mata ƙarar keke yana buga mata katako. Tana cikin faɗan numfashin ya zo. Ta ja tare da yarinyar, don ta saba. Bugun ya sauka, dunduniyarta ta sauka tare da shi. Ma'aikaciyar ta miƙa mata sanda.

Abin mamakin shi ne yadda waƙar ta sake fuska. "Ka tafi, ban hana ka ba" a kan fiyano kaɗai kuka ne na wadda aka bari. A kan tafiyar keke kuwa sai ta koma maganar mace mai aiki a gabanta, wadda ko ɗago kai ba ta yi ba: ka tafi, Allah raka taki gona. Inna ta fara rera ta da wannan muryar, tana harara, tana takawa daga gado zuwa ƙofa. Duk bayan 'yan kwanaki ma'aikaciyar kan tafa masa sabon sauri a ɓoye, shi kuma ya ƙara ɗan kaɗan, ya kawo kamar ba abin da ya canza. Inna ta bar su suna murnar wayonsu, sai daga baya ta gaya wa Auta cewa ita da ta yi rayuwarta a kan feda, ko an ƙara sauri kamar silin gashi sai ta ji.

Ranar da aka sa, ɗan ya iso da mota da hantsi. Baba Kaset ya fito da manyan lasifikokin nan bakin ƙofa, ya juya su suna kallon layi. Mai aski ya bar mutum da rabin kai. Masu guga suka fito. Inna ta bayyana a ƙofar gidanta da sanda, ta ci ado kamar mai zuwa biki, ɗanta na gefe hannunsa a buɗe yana jiran ta faɗo. Aka saki kiɗa. Numfashi, taku. Numfashi, taku. Sannu ba ta hana zuwa. Ta wuce mai sayar da katin waya, ta wuce famfo, shago ya rage ɗan kaɗan.

Sai wuta ta ɗauke.

Layin ya yi tsit. Ƙafar Inna ta tsaya a inda take. Ɗanta ya matso. Baba Kaset ya san in aka kama hannunta yau, motar nan ba za ta koma ba kowa a baya ba. Ya laluba aljihu, makullin shagonta na nan inda yake kullum. Ya buɗe, ya kira mai aski, suka jawo keken nan mai nauyin tsiya har bakin ƙofa. Mutumin da ya yi shekaru yana tsine wa wannan keke ya zauna a kansa, ya ɗora ƙafa, ya taka. Da farko keken baya ya juya, ya cije. Ya sake. Taka-taka, taka-taka. Bai iya ɗinki ba, amma saurin nan yana cikin jininsa. Masu guga suka kama da tafi. Babu mawaƙiya, babu fiyano, don haka Inna ta ja numfashin da kanta, dogo, kowa na ji, ta ɗaga ƙafa, ta sauke, ta rera da muryarta mai kaushi: ka tafi, ban hana ka ba. Layin gaba ɗaya ya amsa mata.

Haka ta iso, tana haki, gumi na zuba, ta dafa kan kekenta. Ɗanta ya juya baya yana share ido da hula. Baba Kaset ya ɗago yana jiran abin da za ta ce.

"Tashi, Mai Hayaniya," in ji ta. "Za ka karya mini allura."

Motar ta koma ba kowa a baya. Inna tana nan, ɗinkinta bai kai na da sauri ba, amma bakin ya fi na da. Safiyar da ta fara aiki, Baba Kaset na tsakiyar ɗaukar muryar wani saurayi sai keke ya tashi ya shige cikin aikin. Ya miƙe ya buga katako da ƙarfi. Ta ƙara wuta. Auta ta ce ba ta taɓa ganin mahaifinta yana dariya da hawaye lokaci guda ba sai ranar.

Kai ne ka koya mana cewa waƙar baƙin ciki ba a yi mata dole, Baba. Ka bar mata numfashinta, ka sa mata ƙafa, ta tashi da kanta. Ka yi kuskure a gaban mace mai kaifin baki, ba ka yi fushi ba, ka koma ka kalli abin da kake tsoron kallo. Sunanka bai taɓa fitowa a jikin wata waƙa ba, mawaƙan da ka sa aka taka muryoyinsu ba su san da kai ba. Amma kakar da ta ƙi barin fili ta sani, masu guga sun sani, ƙafar hagun Inna Tela ta sani. Mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar maka kunnenka, ya sa matarka ta yafe maka shayin nan da ka zubar.

Ku kuma masu tasowa, ko kiɗa kuke yi, ko koyarwa, ko tuƙi, ko riƙon gida, kafin ku ƙara sauri ku waiwaya ku tambayi wa zai taka. Ku nemi mai nauyin ƙafa ku auna da shi. Gwanaye za su kula da kansu.

Auta ta karɓi shago da shirye-shiryenta na zamani. Abu na farko da ta so yi shi ne ta liƙa soso mai kauri a jikin katakon nan don kada ƙara ta riƙa shigowa. Baba Kaset ya bar mata kwamfuta, ya bar mata lasifika, ya ce ta canza duk abin da ta ga dama, har sunan shagon in tana so. Katakon ne kawai ya ce kada ta taɓa. Ya nuna mata daidai inda ake bugawa, wurin da fentin ya goge saboda tafin hannunsa, ya ce in keke ya tashi ta buga da ƙarfi, don Inna ba ta jin daɗin aiki in ba a tsokane ta ba.